Wane shinge za ka saya don juya shanu a makiyaya?

In kana da fili kana son yanka shi kashi-kashi, shanu su ci nan yau, jibi ka kora su gaba, gamba ta samu mako 3 zuwa 4 ta farfaɗo a damina, to shinge ne farkon abin da zai ci kuɗinka.

Waya mai ƙaya inda aka kafa ta nan take zama, kuma ta taɓa yaga mini hantsar wata Bunaji mai shayarwa. Tun ranar sai a iyakar fili nake sa ta. Bini-da-zugu akwai arha, amma za ka daɗe kana jira kafin ya tare ko ɗan maraƙi.

Ni dai wayar lantarki mai aiki da sola ce ta kwanta mini. Igiya ce ta roba da aka saƙa da siraran ƙarafa, yaro ɗaya zai naɗe ta da asuba, ya cire turakun, ya kafa su gaba kafin a gama tatsa. Na'urar da ake haɗawa da igiyar tana harba wuta kusan sau ɗaya a daƙiƙa. Saniya ta kai hanci sau biyu, ta zabura, shi ke nan ta haddace. Hatta Rahajina masu ƙahon nan yanzu tsayawa suke taku biyu daga igiyar, suna jiran a ɗage.

Sai dai jabu ya yi yawa. Wani ɗan kasuwa ya sayar mini da na'ura, kwali na sheƙi, an rubuta jul 5, wato ma'aunin ƙarfin bugun wutarta. Da rani ya shigo shanu suka riƙa ratsawa kamar igiyar shanya, suka faɗa gonar albasar maƙwabci, na biya ɓarna. Saboda haka ka tambaya: jul ɗin da aka rubuta, wanda take ajiyewa ne ko wanda take fitarwa? Na ajiya ya fi yawa, shi suke bugawa da manyan lambobi. Ka tafi da mitar gwaji, a haɗa a gabanka. In wuta ba ta haura volt 3,000 a ƙarshen waya ba, bar musu kayansu. Ka warware bakin igiyar ka ƙirga ƙarafan, in an ce 6 ne ka ga 6. Batir ma ɗaga shi ka ji, na jabu ba shi da nauyi.

Kada ka yarda a ba ka sandar ƙasa guda ɗaya, wato ƙarfen da ake kafawa a ƙasa a haɗa shi da na'urar don wuta ta zagayo. Busasshen rairayi ba ya ɗaukar wuta, ka karɓi 3, ka kafa su da tazarar mita 3, kana zuba musu ruwa har damina ta faɗi.