Ruwan lagireto na a-kori-kura mai shan dizal: wanne za ka saya?

Duk wanda ya je sayen ruwan lagireto zai tarar da galan-galan a jere, wannan kore, wancan ja, ga ruwan ɗorawa, ga ruwan hoda, ga mai ruwan goro. Abin da mafi yawan masu mota ke yi shi ne su leƙa tankin motarsu, su ga launin da ke ciki, su ce a ba su irinsa. To, kama da wane ba ta wane. Launin nan rini ne kawai aka zuba, kuma babu wata doka da ta ɗaure kamfanoni a kansa. Kamfanin Ford kaɗai yana da ruwa iri biyu da ido zai iya ɗaukar su abu guda, Motorcraft Gold da Motorcraft Yellow, alhali haɗin magungunan da ke cikinsu daban ne. Idan a gida ɗaya ma haka ne, ina ga an tsallaka zuwa wani kamfani?

Abu uku ne a cikin galan ɗin: ruwa, da etilin gilaikol, da ɗan maganin da ke kare ƙarfe daga tsatsa. Biyun farko kusan duk ɗaya ne a kowane iri. Idan aka haɗa su rabi da rabi, ruwan ba zai daskare ba sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifiri, kuma a ƙarƙashin murfin lagireto mai matsin fam 15 ba zai tafasa ba sai zafi ya kusa digiri 129. Kashi na ukun shi ne mafi ƙanƙanta, amma saboda shi kake biyan kuɗinka, kuma a nan duk bambancin yake. Shi ya sa nake jin takaici idan na ji mutum ya ce shi inda yake ba a ƙanƙara, don haka ruwan famfo ya ishe shi. Gaskiya ne ruwa zalla ya fi gilaikol kwasar zafi. Amma ruwa zalla ba ya hana tsatsa, yana saurin tafasa, kuma yana barin ɓawon farar ƙasa a jikin hanyoyin ruwa, irin wanda kake gani a gindin butar da aka daɗe ana dafa ruwa a cikinta.

Injin dizal yana da wata cuta tasa ta daban, kuma ita ce ya kamata ka fara fahimta. Matsin da ke cikin silindarsa ya fi na injin fetur nesa ba kusa ba, don haka duk fashewar mai sai bangon silinda ya girgiza kamar fatar ganga. Bangon na ja da baya, sai ƙananan kumfa su ɓullo a cikin ruwan da ke jikinsa. Yana dawowa, sai su fashe da ƙarfi, kowace ta ɓalli ɗan ƙurar ƙarfe. Haka za a yi ta yi sau dubbai a minti ɗaya, shekara da shekaru. Na taɓa riƙe hannun silinda da aka zaro daga irin wannan injin. Cikinsa, inda fistin ke hawa da sauka, sumul yake yana ƙyalli. Bayansa kuwa, wajen da ruwa ke taɓawa, sai ka ce gara ce ta ci katako: ramuka ƙanana a jere daga sama zuwa ƙasa, ɗaya har ya huda, idan ka ɗaga shi sama kana hango haske ta ƙofar da ba ta wuce tsinin allura ba. Ta nan ruwa ya gangara ya haɗu da baƙin mai. Mai motar bai taɓa ganin allurar zafi ta motsa ba, har ranar da injin ya tsaya.

Abin ya fi kama injin da aka cusa wa hannun silinda mai cirewa, wanda ruwa ke kewaye shi kai tsaye, kamar na manyan motocin dakon kaya. Yawancin a-kori-kura ba haka suke ba. Injin Cummins mai lita 5.9 da mai lita 6.7 da ke cikin a-kori-kurar Ram, alal misali, a jikin bulok aka huda silindarsu. Amma tsohon injin Ford mai lita 7.3 ya yi suna da wannan cuta, shi ya sa kamfanin ya umarci a riƙa ƙara masa maganin kariya. Don haka kafin ka tambayi wane ruwa ne mai kyau, fara sanin wane inji ne a gaban motarka.

Tsohon koren ruwa, wanda ake rubuta wa IAT, yana aiki da silikat da fosfat. Suna shafe ƙarfe da wani siririn lulluɓi nan da nan, amma suna saurin ƙarewa, shekara biyu ko wajen kilomita 50,000 sai a zubar. A injin dizal mai buƙata, sai an haɗa masa da maganin da ake kira SCA, mai ɗauke da naitirait, wani lokaci da molibdet, kuma sai ana gwadawa ana ƙarawa. A nan mutane ke yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Idan maganin ya yi kaɗan, ƙarfe ya ciwu. Idan ya yi yawa, sai ya kwanta ya zama laka, ya toshe ƙananan bututu, ya ci robar famfon ruwa. Ba na ba kowa shawarar wannan iri sai mai tsohon inji wanda littafinsa ya ce haka, kuma wanda ya san ba zai yi kasalar gwaji ba.

Irin da ake rubuta wa OAT kuwa ba ya shafe ko'ina. Magungunansa suna kama wurin da tsatsa ke shirin farawa ne kawai, don haka suna daɗewa. Dex-Cool na kamfanin GM, mai ruwan goro, irinsa ne, kuma shi injin dizal ɗinsu na Duramax ke sha, da wa'adin shekara 5 ko kilomita 240,000. Ram ma ta koma OAT mai ruwan shunayya daga motocin 2013, bayan ta daɗe a kan HOAT. Shi HOAT gauraye ne, OAT da ɗan silikat, kamar Motorcraft Gold da na ambata.

Akwai kuma wani rabuwar kai tsakanin Turai da Japan da ke da kyau ka sani. Kamfanonin Turai suna gudun fosfat saboda yana haɗuwa da ma'adinan ruwa mai nauyi ya zama ɓawo, sai suka riƙe silikat. G12++ da G13 na Volkswagen, waɗanda tsohon samfurin a-kori-kurarsu Amarok ke amfani da su, haka suke. Kamfanonin Japan suka ɗauki akasin haka, suka guji silikat don kare robar famfon ruwa, suka riƙe fosfat. Ruwan hodar Toyota, Super Long Life, wanda ake zuba wa Hilux, na wannan layi ne: canjin farko a kilomita 160,000, bayan nan duk kilomita 80,000. Ka ga ke nan ruwan hodar Toyota da ruwan hodar wani kamfanin Turai, kusan kishiyoyin juna ne.

Wani tarko shi ne jan ruwan manyan motoci mai daɗewa, irin wanda aka ƙara wa naitirait. Mutum zai ce ai abin da ya riƙe tirela ba zai gaza wa ƙaramar mota ba. Ba lallai ba ne. Naitirait aminin ƙarfen zubi ne, amma ba ya jituwa da alminiyum sosai, kuma sababbin motoci cike suke da alminiyum, tun daga kan inji har lagireto. Saboda haka ma kamfanoni da yawa suka koma ruwan da ba shi da naitirait. Sabon inji yana kuma da ƙarin wuraren da ruwa ke ratsawa ta ƙofofi matsattsu, kamar na'urar sanyaya baƙin mai da ta sanyaya hayaƙin da ake mayarwa cikin inji. Laka kaɗan ta isa ta toshe su, kuma idan suka toshe, gyaran ba ƙarami ba ne. Injin Ford mai lita 6.7 har hanyoyin ruwa biyu gare shi, kowace da lagiretonta da tankinta.

To yaya za ka zaɓa? Buɗe littafin motar, ka nemo lambar ƙa'idar da kamfani ya rubuta, sannan ka juya bayan galan ka nemi wannan lambar. Ta Ram tana farawa da MS, ta Volkswagen tana farawa da TL 774, ta Ford da WSS. Za ka kuma ga ASTM D3306, wadda ta ƙananan motoci ce, ko ASTM D6210, ta manyan injinan dizal. Lura da lafazin: galan da ya ce kamfanin mota ya amince da shi ya fi wanda ya ce kawai ya dace da motar. Shi kuwa wanda aka rubuta masa cewa ya yi wa kowace mota kowane launi, ina kallonsa a matsayin na fita kunya a hanya. Zai kai ka gida, amma ba shi zan bari a cikin injin da nake jan kaya da shi shekara biyar ba.

Saura batun tsantsa ko wanda aka riga aka sirka. Idan ciko za ka yi, sayi sirkakke, ka huta. Idan wanke hanyoyin ruwan ka yi gaba ɗaya, tsantsa ya fi, domin ruwan wanki yana maƙalewa a cikin bulok, kuma idan ka zuba sirkakke a kansa haɗin zai tsinke. Duba yawan litar da motar ke ɗauka, ka zuba rabinta tsantsa, ka cike da tataccen ruwa, ba na famfo ko na rijiya ba. Kada kuma ka ce bari in zuba tsantsa zalla don ya fi ƙarfi: shi kaɗai yana daskarewa a digiri 13 ƙasa da sifiri, kuma ba ya kwasar zafi yadda ya kamata.

Idan motar ta hannu ce ba ka san abin da ke cikinta ba, kada ka yi ciko da ka. Haɗa iri biyu yana raunana kariyar duka biyun, wani lokaci ma ya kama ya yi kauri. Zubar da shi, a wanke har ruwa ya fito garau, ka fara da naka, ka rubuta iri da kwanan wata a takarda ka manna a ƙarƙashin bonet don bakanike na gaba ya gani. Akwai 'yan takardun gwaji da ake tsomawa a ruwan su canja launi su nuna ƙarfinsa. Sayi wanda ya dace da irin ruwanka, ka gwada sau ɗaya ko biyu a shekara, kuma sai inji ya huce sarai kafin ka taɓa murfi.

Tsohon ruwan da ka zubar, ka tare shi a mazubi mai murfi. Etilin gilaikol yana da zaƙi-zaƙi a baki, yara da dabbobi suna iya lasa, kuma kaɗan daga cikinsa yana lalata ƙoda. Kada ka juye shi a kwalbar abin sha, kada ka bar shi kwance a ƙasa.