Balensiya ko Sebiya: wane biki ya fi dacewa da mai ƙananan yara?

Hajiya, na ga tambayarki: ke da maigida da yara uku, mai shekara 3 da mai 8 da mai 12, kuna da mako guda a Sifaniya, kuna son tafiyar ta dace da biki ɗaya, kuma kin rasa na zaɓe tsakanin bikin Fayas na birnin Balensiya da Feriya ta birnin Sebiya. Na halarci duka biyun da yarana. In amsa a taƙaice kike so, saboda autar nan taku Sebiya zan ce. Amma kada ki yanke tikiti sai kin ji abin da za ki rasa, don ba kaɗan ba ne.

Fayas ba ya gusawa daga watan Maris. Manyan kwanakinsa 15 zuwa 19 ne. Kowace unguwa tana da ƙungiyarta, su shekara suna tara kuɗi, su sa a ƙera musu manyan siffofi na katako da kwali da soso, wasu sun kai tsayin bene mai hawa huɗu ko biyar, a kafa su a mararraba. Yawancinsu zambo ne, ana yi wa 'yan siyasa da mashahuran mutane shaguɓe. Daren 19 ga wata, ranar Yusufu kafinta a wurin Kiristoci, sai a cinna musu wuta gaba ɗaya, 'yan kwana-kwana na tsaye da mesa suna jiƙa bangon gidaje. Ana cewa asalin abin daga kafintoci ne da ke ƙona guntayen katako in sanyi ya wuce. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya.

Feriya kuwa ranarta tana bin Ista, mako biyu bayanta, shi ya sa ko da yake sunanta bikin Afrilu, a 2025 sai a watan Mayu aka yi ta. Ta faro a 1847 a matsayin kasuwar dabbobi, kara dai irin tamu, daga baya shagali ya cinye cinikin. Tun 1973 a unguwar Los Remedios ake kafa ta, a wani makeken fili da ake shimfiɗa wa rairayi ruwan ɗorawa, a jera rumfuna fiye da 1,000.

To ga inda suka rabu. Bikin Balensiya na titi ne. Ba gayyata, ba kuɗin shiga, duk inda kika juya ga shi a gabanki, baƙo da ɗan gari ɗaya suke. Na Sebiya na dangi ne. Mafi yawan rumfunan nan na iyalai ne da ƙungiyoyi, da mai gadi a bakin ƙofa, in ba ki san kowa ba sai leƙe daga waje, kamar wanda ya biyo ta ƙofar gidan biki a garin da ba shi da kowa. Akwai 'yan rumfunan da hukumar gari ta buɗe wa kowa, amma cunkosonsu sai wanda ya gani. Zuwanmu na farko ban san haka ba. Na ja yara muka nufi wata rumfa mai ratsin kore da fari da muka ji kiɗa na tashi, mai gadin ya yi murmushi ya tare mu da hannu, muka juyo jiki a sanyaye.

Da a nan maganar ta tsaya, Balensiya ta ci. Abin da ya hana shi ne ƙara.

Daga 1 ga Maris har 19, kullum ƙarfe 2 na rana ana yin abin da suke kira maskleta a dandalin da ke gaban ofishin magajin gari. Ba wasan wuta na kallo ba ne, na ji ne. 'Yan mintoci ne kawai, amma a ƙarshensa ƙasa tana rawa, ki ji abin a ƙirjinki. Bindigogin 'yan tauri da na hawan sallah ba su kama ƙafarsa ba. Kuma ba shi kaɗai ba ne: da sassafe 'yan unguwa suna zagayawa da makaɗa da abin fashewa don su tashi masu barci, yara ƙanana suna jefa nasu a kan titi wuni guda, ki yi tafiya ki ji tas a bayan ƙafarki. Ɗana yana da shekara 4 lokacin. Kwana biyu ya yi a maƙale a wuyana, hannuwa a kunne, yayin da yayarsa take roƙon a saya mata nata. Mai shekara 12 ɗinki zai ce bai taɓa ganin abin da ya kai wannan ba, mai 8 ya danganta da halinsa, amma autar wahala za ta sha, ke ma ki sha. Ga keken turawa ba ya ratsa taron, an kuma rufe titunan tsakiyar gari ga motoci.

Sebiya da rana abu ne daban. Daga tsakar rana har wajen ƙarfe 8 na yamma dawakai da kekunan doki ne ke kai-komo a titunan filin, an yi wa alfadarai da dawakai ado da tuntaye da ƙararrawa, mahaya da gajeruwar riga da malafa mai faɗin baki, mata sun sha dogayen riguna masu tattara, da fure a ka. Wannan kallon kyauta ne, a titi yake, ba mai gadi. Yaron da ya saba da hawan Daushe ba sai an yi masa bayani ba, sai dai ya ce miki dokin can ya fi na can. A gefe kuma akwai filin lilo da motocin wasa na yara, wanda 'yan gari suka laƙaba wa suna Titin Jahannama saboda hayaniyarsa (sunan ne kawai, kada ya tsorata ki). Ku shiga da azahar, ku fice kafin magariba. In dare ya yi wurin ya koma na manya, giya ta yi yawa, ba wurin yara ba ne kuma.

Tunda na ambaci giya, bari in faɗi na kowanne. A Feriya abin shansu shi ne rebuhito, giya ce da aka gauraya da lemo mai gas, a ido kamar lemon kwalba, don haka ki kula da abin da aka miƙo wa yaro. Naman alade ma ya cika faranti. Ki haddace kalmomi uku yadda suke rubuce, duk na alade ne: cerdo, jamón, chorizo. Abin da zai cece ku shi ne soyayyen kifi da wainar ƙwai da dankali. A Balensiya an fi sauƙi. Shinkafarsu ta gargajiya, fayeya, da kaza da zomo ake yinta, akwai kuma ta kifi da jatan lande ga wanda ke kaffa-kaffa da yanka. Sannan akwai orchata, wadda ba komai ba ce illa kunun aya mai sanyi. Suna noma ayar a gonakin Alboraya a bakin gari, suna kuma sayo wata daga Nijar da maƙwabtanta. Ranar da na fara kurɓa dariya ta kama ni, na biya kuɗin Turai na sha abin da ake ƙullawa a leda a ƙofar gidanmu. Sai dai ki sani, wasu siffofin Fayas akwai tsiraici a jikinsu, kuma ranakun 17 da 18 jerin gwano ne na addininsu, ana kai furanni ga gunkin Maryam.

In kuka gaji da bikin, Balensiya tana da Oceanogràfic, ɗaya daga cikin gidajen kifaye mafiya girma a Turai, da dogon lambun da aka yi a tsohuwar hanyar kogin Turiya bayan ambaliyar 1957. Sebiya tana da abin da ya fi taɓa ni. Ita ce Ishbiliya ta littattafan tarihi. Hasumiyar Hiralda da ke tsakiyar gari hasumiyar masallaci ce da sarakunan Musulmi na daular Muwahhidun suka kammala a 1198, yanzu ta zama ta majami'a, kuma hawanta yawanci gangare ne ba matakala ba, yara suna iyawa. Kurɗuba, garin da ake danganta Imam Ƙurɗubi da shi, ba ta kai awa ɗaya ba a jirgin ƙasa mai gudu. A can ne babban masallacin da sarkin garin, Abdurrahman na Ɗaya, ya fara ginawa wajen 785. Shi ma majami'a ne yanzu, ba a barin a yi salla a ciki, ki gaya wa maigida tun daga gida.

Sai maganar makaranta. Tsakiyar Maris yawanci yaranmu suna shirin jarrabawar zango na biyu, a 2026 ma kwanakin Fayas a goman ƙarshe na azumi suka faɗa. Feriya ta fi kusa da hutun Ista, amma ki duba ranakun shekarar da za ku je ki gwada da na makarantarsu, don wani lokaci an riga an koma aji. Kuɗin masauki a garuruwan biyu yana tashi sosai a makon biki, wanda ya makara kuma ba zai samu ba ko da kuɗinsa. Ana karɓar takardun biza tun wata shida kafin tafiya, kada ki jira.

Da ni ce, zan kama masauki a Kurɗuba ko nesa da filin bikin, mu ba Feriya wuni biyu, sauran kwanakin mu ba Hiralda da Alkasar, tsohuwar fadar sarakuna a Sebiya, da masallacin Kurɗuba. Ki tafi da hular rana da takalmin da ba kya jin asararsa, don rairayin nan yana rina komai. Balensiya kuma ku ajiye ta sai auta ta kai shekara 7 ko 8, ku je ku kama ɗaki a wajen tsakiyar gari, da abin toshe kunne a jaka.