Benzoyl peroxide ko salicylic acid, wanne za ki saya?

'Yar'uwa, kin tambayi wanne za ki saya cikin waɗannan magungunan kurajen fuska biyu. Tunda jajayen kuraje ne masu zafi da tara ruwa, kuma ɗaya kaɗai kuɗinki zai kai, ɗauki benzoyl peroxide.

Shi ne a gaban madubina har yau, amma a fuskar ƙanwata na fara ganin aikinsa. Lokacin tana shirin WAEC kumatunta da haɓarta suka cika tam, har in an yi baƙi sai ta shige ɗaki. Likitan fata ya rubuta mata mai 2.5%, ya ce ta shafa ɗan kaɗan da dare, bayan ta wanke fuska ta bushe sarai. Da farko fatar ta yi ta bushewa tana saɓa, ta so ta ajiye, Umma ta yi ta lallashinta. Kafin su gama jarrabawa sababbin kurajen sun daina fitowa. Ranar da na gan ta cikin ƙawayenta ana ɗaukar hoto, ba ta ja gyale ta kare fuska ba, wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Benzoyl peroxide yana kashe ƙwayoyin cutar da ke taruwa a ramin gashi in maiƙo da matacciyar fata sun toshe shi, kuma ƙwayoyin ba sa sabawa da shi yadda suke sabawa da antibayotik. Kada mai shago ya ruɗe ki da mai 10% wai ya fi ƙarfi. Mai 2.5% ko 5% kusan aiki ɗaya suke yi da shi, raɗaɗi da bushewa kawai mai 10% ɗin zai ƙara miki. Ki fara da shafawa yau, ki tsallake gobe, har fatarki ta saba. Ki ba shi mako 6 zuwa 8 kafin ki ce bai yi ba. Da hunturu ki haɗa da man shafawa marar maiƙo, in ba haka ba fuskar za ta yi kaushi. Kuma yana cinye launin tufafi, don haka farin tawul da farar rigar filo za ki nema, ki kuma wanke hannu kafin ki taɓa hijabinki.

Salicylic acid kuwa, na taɓa sayen sabulun ruwansa mai 2% da tsada. Ya rage ƙyallin maiƙo da baƙaƙen ɗigon hanci, iyakarsa ke nan. Kurajen da suka kumbura ko a jikinsu.

Ba ki tambaya ba, amma don Allah ki kiyayi masu haɗa mai a robar da ba ta da suna, suna cewa "oganik" ne, cikin kwana uku fuska za ta yi sumul. Da yawa man steroid suke zubawa, wato maganin kumburi da ƙaiƙayin fata mai ƙarfi, irin su clobetasol da betamethasone, wasu har da hydroquinone na bilicin. Fuska za ta yi kyau da fari, daga baya fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito, ƙananan kuraje su feso fiye da na da, in kin daina kuma abin ya tashi. Ki saya a famasi, ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Wanda aka shanya a rana kan tebur a kasuwa ki bar musu, zafi yana lalata shi.

Ki cire hannu daga matsa su. A irin fatarmu baƙin tabon da matsawa ke bari yakan yi watanni bayan kurjin ya tafi. In kina da ciki ko kina nema, kada wani ya ƙara miki magungunan kuraje irin su adapalene, tretinoin ko doxycycline. In kuma kurajen manya ne masu tauri can cikin fata, ko al'adarki tana rikicewa ga gashi na fito miki a haɓa, man shafawa kaɗai ba zai isa ba, ki je asibiti ki ga likitan fata.