Wasiƙa daga Yamai: tsadar shinkafa da sauƙin barci

Assalamu alaikum, Yaya Alhaji. Ina fata kana lafiya, da Inna da iyali baki ɗaya. Saƙonka ya iso, kana tambaya ko ya dace ka kwashe jarinka daga Sakkwato ka dawo Yamai, tunda ana ta ce muku nan akwai araha da kwanciyar hankali. Kwanciyar hankalin akwai, a cikin gari. Arahar kuwa, wanda ya gaya maka, ka bincika, da sefa yake samun kuɗinsa.

Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, haka take tun 1999. Naira kuwa ka fi ni sanin abin da ya same ta tun da aka sake ta a Yunin 2023. A 2024 jika guda, wato sefa dubu, ta haura naira dubu biyu a hannun 'yan canji. Ke nan miliyanka ɗaya, da ta ƙetare Illela ta shiga Ƙonni, ba ta kai jika ɗari biyar ba. Mafi ƙarancin albashi nan sefa 42,000 ne, can gida naira 70,000. In aka canza, na nan ya ɗara, amma mai karɓar sa ba murna yake yi ba, don kasuwa na jiran sa.

Nijar ba ta da teku. Da, shinkafa da man girki da madara ta Kwatano ta ƙasar Benin suke shigowa, su bi gadar Gaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe wannan iyakar, kuma ko da ECOWAS ta janye takunkumi a Fabrairun 2024, hukumomin nan ba su buɗe gadar ba. Kaya suka koma Lome, su ratsa Burkina Faso, manyan motoci su yi jerin gwano suna jiran rakiyar soja. Kwanakin da mota ta yi a tsaye, a kan buhu ake ɗora su, mai saye ya biya. Shi ya sa in ka ji an ce abinci na da sauƙi a nan, ka tambayi wane. Nama dai ba magana, ragon Nijar ba sai na yi maka talla ba, ga kilishi, ga albasar Galmi. Amma duk abin da ya zo cikin kwali ko gwangwani, sai ka shirya.

To ga inda nake so ka saurare ni da kyau. Ka zaga Katako da Babbar Kasuwa da Wadata, za ka ga robobi da sabulu da taliya da takalma, da yawansu daga Kano suka taso, suka biyo ta Maradi ko Ƙonni. Faɗuwar nairar da ke cin ku, ita ke ciyar da mai wannan fataucin: ya sara da naira, ya sayar da sefa. Wanda ya zo da kaya ya zo da riba. Wanda ya zo da tsabar naira a aljihu kuwa, tun daga wurin mai canji ya fara asara.

Man fetur ma labarin ya juya. Shekara da shekaru man Nijeriya na sumoga ne a kwalabe bakin hanya. Da aka cire tallafi a Mayun 2023, wannan harkar ta ja baya, jama'a suka koma gidajen mai, alhali matatar Damagaram ganga 20,000 take tacewa a rana. A Yulin 2024 gwamnati ta sauke lita zuwa sefa 499, amma a Maris ɗin 2025 mun ga layin mai irin na gida. Wuta kuma, kaso mai yawa daga Nijeriya take zuwa ta layin Birnin Kebbi, lokacin takunkumi da aka yanke mun sha duhu. Yanzu da dama-dama, sai dai da bazara, zafin Yamai ba ya wasa, ana ɗaukewa. Abu biyu ne suka burge ni: haya wata-wata ake biya, ba a tsare ka da kuɗin shekara ba, sannan a 2024 an rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi.

Batun tsaro. A unguwarmu ta Bukoki mutane na zaman fada suna shan shayi har tsakar dare, mai tsire na nan, mata na dawowa daga biki a ƙafa. Ɓarayi akwai. Yara biyu a kan babur su fizge waya ko jakar mace su ƙara wuta, ana fasa shaguna, ana satar babura. Amma wannan fargabar da ta zauna mana a gida, ta a buga waya a ce an ɗauke wane, a kawo miliyan kaza, irin abin da mutanen Isa da Sabon Birni ke gani, ba ita talakan Yamai ke kwana da ita ba. Ɓarawon nan kayanka yake so.

Kada ka ɗauki Yamai a matsayin Nijar duka. Ka fita yamma kaɗan ka shiga jihar Tillaberi, nan ne yankin iyakoki uku, na Nijar da Mali da Burkina Faso, inda masu ɗauke da makamai ke karɓar haraji a ƙauyuka, har an hana hawa babur a wurare da dama. A Maris ɗin 2021 an kashe mutum 137 a yankin Tilliya na jihar Tawa, rana ɗaya. Kudancin Maradi kuwa, wajen Madarunfa da Gidan Runji, 'yan bindigar dajinmu ne ke ƙetarowa su kore shanu su ɗauki mutane. Su ba ruwansu da iyaka.

Hanya cike take da shingaye, 'yan sanda da jandarma da duwan, wato kwastan. Ba su da hayaniya, amma ba sa wasa da takarda, balle tun da ƙasar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Marar katin shaida sauke shi ake yi, motar ta tafi ta bar shi.

Shawarata, kada ka taɓa shagon Sakkwato. Ka haɗa kayan roba da takalma na gwaji, ka turo babban yaronka da su, da katinsa na ɗan ƙasa da na rigakafi, ya tabbata an biya kuɗin duwan an ba shi rasit. Ya taso da sassafe ya kwana Ƙonni, washegari ya shigo motar safe ta Dogon Dutse da Doso. Akwai wuri a ɗakina. In kayan suka shiga, sai mu yi maganar kama shago bayan salla.

A gaishe da Inna, a ce mata saƙonta na tafe hannun direban da ya saba kawo mata.