Kiran gida daga ofis: imo ko manhajar loda kuɗi?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka tambaya wace hanya ta fi don kiran gida daga ofis a nan Saudiyya. Tsakanin kiran manhaja zuwa manhaja da wanda ake loda wa kuɗi a kira lamba kai tsaye, ni dai na farkon na riƙe, kuma shi zan ce ka riƙe.

Ofishin kargo nake aiki a nan Jidda, wajen Balad, tsohon gari. Kafin hukuma ta buɗe kiran intanet a watan Satumba na 2017, littafi maigidanmu ya ajiye kusa da waya, duk wanda ya kira Kano sai ya rubuta minti nawa ya yi. To ka san mutanenmu. Kafin a gama ina gajiya, ya iyali, ya zafin Makka, minti uku sun tafi, ba a ko taɓo zancen kaya ba. Yanzu manhajar imo muke kira da ita a kan intanet ɗin ofis, ban da kuɗin intanet na wata ko halala, wato kwabon Saudiyya, ba ma ƙarawa.

Azumin bara wata Hajiya mai shago a Kantin Kwari ta rantse yaronmu ya rage mata abaya. Kayan ba su tashi ba tukuna, sai na kira ta da bidiyo, na jingina wayar a jikin sikeli, muka yanke selotef muka ƙirga dozin-dozin tana kallo. Suka cika cif. Ta yi dariya ta ce a yafe mata, har ta ƙara odar sallaya. Da ta layi ne, da rantse-rantse kawai za a yi ta yi kuɗi na ƙonewa.

Sai dai dole shi ma na can ya kasance da data da sabis mai kyau. Kiran murya ba ya cin data sosai, bidiyo ne mai zuƙa. Ka kuma tuna mun riga Najeriya da Nijar da awa 2, kar ka tashi mutum da sassafe. Kiran WhatsApp ba ya cikin waɗanda aka buɗe a 2017, don haka saƙon murya da hoton rasit kawai muke turawa ta nan.

Kiran loda kuɗin kuwa, yana da ranarsa: direban da ke riƙe da ƙaramar waya, ko dattijon da ba ruwansa da manhaja. Na taɓa zuba riyal 100 a wata manhajar, lambata ba ta fita a can, rabin mutane suka ƙi ɗauka suna zaton 'yan damfara ne. Skype da wasu suka saba da shi ma an rufe shi tun Mayun 2025.

Ba ka tambaya ba, amma ka kiyayi masu yawo da layi a aljihu suna cewa kiran Najeriya kyauta ne wata guda. A ƙasar nan da iƙama, wato katin izinin zama, da zanen yatsa ake rajistar layi, wanda za su miƙo maka da sunan wani yake, ran da aka rufe shi ba ka da wurin kai ƙara. Akwai kuma katin da ke fara cin kuɗi tun waya na ƙara, ba a ɗauka ba.

Ka sa intanet mai ƙarfi a ofis, ka ce wa kwastomomi su sauke imo. Ɗayan kuma ka loda kaɗan, ka gwada kiran wani na gida ya faɗa maka lambar da ta fito masa, sannan ka ƙara.