Sifirin ɗin mota ko baƙin ƙarfe mai laushi?

Yallaɓai, tunda dagin Arewa za ka ƙera ka rataya a bango, manta da sifirin. Nemi baƙin ƙarfe mai laushi, sanda mai kusurwa huɗu, milimita 10 ko 12.

Da shi na yi nawa dagin, yana nan a shirayin gidanmu a Jos. Gawayin ƙirya na zuba, yarona na kan zugazugi, muka bar ƙarfen ya wuce ja ya koma ruwan lemo. Daga nan duk yadda masaba ta ce haka yake bi. Na miƙe shi a kan uwar maƙera, na kama da awartaki na murɗa, inda lanƙwasa ta karkace na mayar wuta na gyara, bai yi gardama ba. Dalili shi ne kabon ɗinsa, wato sinadarin da ke sa ƙarfe tauri, kaɗan ne, bai kai kashi 0.3 cikin ɗari ba, don haka ko ka tsoma shi a ruwa ba ya yin taurin da zai tsage, kuma yana karɓar walda. Dagi kuwa duk saƙa ne, wannan ya bi ta kan wancan, sai ka yi ta komawa wuta. Da na gama na shafa masa kakin zuma tun yana da ɗumi, kuma nakan sabunta kafin damina, ka san ruwan Jos.

Sifirin kam, a bar wa masu adda da gatari. Kabon ɗinsa ya kai wajen 0.6, yana cin gawayi da ƙarfin damtse, tsohon ma sau da yawa da ɓoyayyiyar tsaga yake zuwa. Guntayen da na saya har yau suna ajiye a bayan ɗakina.

Sai ka yi hattara wajen saye. Wasu za su miƙo maka milimita 10 su ce 12 ne, ka tafi da ma'auninka. Wasu kuma rodin gini za su tura maka, wanda ba ka san me aka narka a cikinsa ba. Ka sa a ɗan goga shi a injin wasa ƙarfe: mai laushi tartsatsinsa dogo ne miƙaƙƙe, mai tauri kuwa yana fashewa reshe-reshe. Kada ka kuskura ka sa bututu mai farin shafen zinki a wuta, hayaƙinsa zazzaɓi yake kawowa.