Garmahon Audio-Technica AT-LP60X: ya isa ga mai fara tara faifan jaz?

Masu tambayata wane garmaho za su fara da shi, amsata dai ita ce wannan LP60X ɗin, amma da sharaɗi. Na kamfanin Japan ne, tun 1962 suke harkar allura a Tokyo, ba 'yan jiya ba ne. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya buƙatar ka iya komai, ka ɗora faifai ka danna start, hannun ya tashi da kansa ya sauka a bakin faifan, in ya ƙare ya koma mazauninsa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda hannu mai rawa ke jan allura ta karce faifan da aka sha wuya kafin a samu, ya san darajar wannan. Kuma akwai ƙaramar amfilifaya a cikinsa, akwai makunni a baya, sai ka jona da lasifika mai wuta kai tsaye shikenan, wutar da yake ci ma ba ta taka kara ta karya ba, inbata na ɗaukarsa lafiya lau.

Sauti fa? Gaskiya ya fi kuɗinsa. Ni inda nake gwada garmaho shi ne faya-fayan kamfanin jaz na Amurka, Blue Note, na wajen 1955 zuwa 1965, waɗanda injiniyan sauti Rudy Van Gelder ya ɗauka, na farkon ma a falon gidan iyayensa a Hackensack kafin ya koma Englewood Cliffs a 1959, duka a jihar New Jersey. Saksafon da kakaki suna fitowa da ɗumi, gangar Art Blakey na da nauyinta, sai dai kwanonin nan da ake bugawa a sama ba sa fita tar yadda nake so, kuma waƙar ƙarshe ta kusa da tsakiyar faifai takan ɗan shaƙe. A sarewar Yusef Lateef kuwa ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Af, wannan bawan Allah ya zauna a Zariya fa, daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a ABU, da yawa ba su sani ba.

To ga sharaɗin. Gudu biyu kawai yake yi, juyi 33 da 45 a minti ɗaya. Babban faifan LP sai 1948 Columbia ta fito da shi, saboda haka jaz ɗin da ya girmi haka, irin na su Louis Armstrong na shekarun 1920, asalinsa a faifai mai juyi 78 yake, mai nauyin nan da ke fashewa in ya faɗi, kuma allurarsa ma daban ce ta fi kauri. In irinsu ka gada ko kake nema kar ma ka soma, yayansa LP120X za ka duba, shi yana juya 78 amma sai ka sai masa allurar da ta dace.

Na biyu ba a saita nauyin hannun, yadda suka ɗaura shi haka za ka bar shi, wajen giram uku da rabi, kuma allura kawai ake canjawa ba kan gaba ɗaya ba. Faifai mai tsabta ba abin da zai same shi, amma ni dai bugun farko mai tsada ba zan riƙa ɗora masa kullum ba. Sabon bugun da Blue Note ke sake fitarwa, irin Tone Poet da suka fara a 2019, da na gwanjo masu sauƙi, su ne abincinsa.

Jikinsa roba ce, ba nauyi, kar ka ajiye shi tebur ɗaya da lasifika. Murfin kuma a rufe lokacin hunturu don ƙura ce ke jawo ƙaras-ƙaras ɗin da ake ɗora wa garmaho laifi, a goge faifai da burushi kafin a sa, a jera su a tsaye nesa da taga, ranar Maris ɗin nan sai ta lanƙwasa maka faifai.